Lauje Goma a Hanyar Gafasa

Tun da muka dawo daga Gafasa ban huta da tambaya ba. In na hau keken ɗinki sai wani ya leƙo shago, in na je majalisa da yamma sai a matsa min a benci ana cewa, "Nafi'u, wai da gaske 'yan sanda sun tare ku da makamai?" Abin haushin, masu tambayar nan su ne mutum bakwai ɗin da suka ce in sha Allahu da su za a je, ranar tafiya kuma wayoyinsu suka mutu gaba ɗaya kamar an haɗa baki. To ga labarin nan sau ɗaya, kowa ya karanta da kansa, ni ina da ɗinkin mutane a gabana.

Ga wanda bai sani ba, Sadisu abokina ne tun muna firamare, gyaran waya yake yi a bakin titin unguwarmu a Kano. Yana neman auren Binta, malamar makaranta a Gafasa ta ƙasar Ajingi, wadda ya sani lokacin da take karatu a birni. Ita ta yarda, mahaifiyarta ta yarda, saura mahaifinta, Malam Lawan. Tsohon bai ce ya ƙi ba. Cewa ya yi labarin samarin birni da ke iso masa daga daba sai ƙwaya, don haka ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai gani a gona ba. A danginsu har yanzu ana yi wa suruki gayya: mai neman aure ya tara abokansa su yi wa uban yarinya aikin yini guda, dattawa na gefe suna lura da wanda ya iya sunkuyo da wanda cin abinci ya kawo shi. Aka sa mana ranar Asabar, yankan riɗi. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ya wuce lokaci a tsaye sai ya buɗe baki ya zube a ƙasa.

Sadisu ya je wajen maƙera ya sayo lauje goma sababbi fil, kowane mutum ɗaya. Ranar Juma'a da muka taru a tasha, mu uku ne: ni, da shi, da Isyaku, wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin za a yanka akuya. Muka ce ba komai, a tafi da laujen duka, in an je can a raba wa 'yan gari.

A nan ne ya kamata in amsa laifina. Mu da muka tashi a birni mun san abin da ake yi wa saurayin da aka gani da ƙarfe mai baki a hannu, ko da wuƙar yankan lemo ce. Sadisu ya fi kowa sani. Shekara biyu da suka wuce an kai samame gidan kallon ƙwallon da yake zuwa, aka kwashe kowa da kowa, ya yi kwana uku a rufe ba a taɓa gaya masa laifinsa ba, aka aske masa kai aka sako shi. Tun daga nan ko mai gadin banki ya hango da kaki sai ya tsallaka titi. Wannan magana kuwa ko Binta bai gaya wa ba, balle babanta. Da ya kawo min laujen shago yana zufa yana tambayar yadda za a wuce da su, sai na ce ya bar komai a hannuna. Na ɗauko babbar jaka, na shimfiɗa laujen a ƙasanta, na cusa ƙyallayen shadda a tsakaninsu don kada su yi ƙara, na ɗora yadi mai kauri na bi shi da ɗinki sau biyu. A sama muka zuba goro da sabulu da kayan sawa. Wallahi ɗinkin nan ya yi kyau, har yau ina alfahari da shi, amfaninsa ne kawai bai zo yadda na so ba.

Motar Gaya, inda za mu kwana kafin Gafasa, irin wadda kuka sani ce, huɗu a baya biyu a gaba, Isyaku kuwa shi kaɗai mutum ɗaya da rabi ne. Wata tsohuwa da ke kusa da shi ta yi haƙuri har Mariri, daga nan ta ce, "Ɗan nan, in numfashin za ka yi, ka riƙa gaya min in shirya." Muka isa Wudil ranar kasuwarta, shanu suka tsare mu a bakin gada kusan rabin awa, direba yana zagin makiyayi, makiyayi ko waiwayowa bai yi ba. Bayan gada akwai shinge. Ɗan sanda ya leƙo, ya dube mu, ya dubi tsohuwa, ya ɗaga hannu muka wuce. Na daki kafaɗar Sadisu na ce, "Ka ga aikin tela?" Alhali ko kallon jakar ba a yi ba.

A Gaya muka sauka gidan gwaggon Sadisu, Gwaggo Asabe, da mijinta Malam Idi, tsohon ma'aikacin sakatariya. A nan na gane mu 'yan birni ba gaisuwa muke yi ba, wucewa muke yi. Malam Idi ya tambaye ni gida, da iyaye, da sana'a, da keken ɗinkin, da yadda damina ta yi mana, ni da ko tukunyar fulawa ban taɓa shukawa ba. Duk amsar da na bayar sai ya ce madalla ya sake ɗauko wata. Gwaggo ta kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu yana yawo a kai, sannan fura da nonon da ba a tsinka shi da ruwa ba. Isyaku ya ci malmala huɗu, ya ce shi daga yau ɗan Gaya ne, a nema masa fili.

Muna wanke hannu Malam Idi ya ce, "To, mutanen gayya, ina laujenku? Ku kawo a wasa muku tun da sauran rana."

Muka kalli juna. Sadisu ya ce, "An tanada, Baba, suna can." Tsoho ya ɗauka Gafasa ake nufi, ya ce madalla. Kun ga inda ɓoyo ya kai mu: har mutumin da ya ba mu tabarma muka ɓoye wa. Da mun buɗe baki a lokacin, da labarin nan bai kai a rubuta shi ba.

Da sassafe muka ɗauki shatar adaidaita sahun wani Ɗanjuma, mutum mai surutu da son dariya, wanda ya san sunan mai kowace gona da abin da ya shuka bara. Hanya ta yi kyau a wani wuri, a wani wurin kuma sai ka riƙe ƙarfe da hannu biyu. Dama da hagu dawa ce ta fi mutum tsawo. Ɗanjuma yana cikin ba mu labarin wani da ya sayar da sa ya sayi babur, babur ɗin ya kayar da shi a gaban san, sai ya rage gudu ya ce, "Ga mutanenmu can." Wajen da ƙasar Gaya ke ƙarewa ta Ajingi ta fara, an jera tsofaffin tayoyi da gungumen itace a ƙarƙashin wata tsamiya. 'Yan sanda biyu ne: wani sajan mai furfura a zaune a benci, da wani kurtu matashi, sa'anmu, a tsaye a tsakiyar hanya.

Kurtun ya gaisa da Ɗanjuma da suna, sannan ya dube mu. Samari uku, askin birni, takalman kanti, da babbar jaka a kan cinya. Ya ce mu sauko. Ya laluba aljihunmu ɗaya bayan ɗaya, ya sami awon tela a nawa, ya sami ƙuli-ƙuli a na Isyaku. Ya karɓi wayata ya ce in buɗe, ya yi ta wucewa da hotunan kaftani da na wuyan riga har ya gaji. Ban ji daɗi ba, domin akwai saƙonnin da ko ƙanena ban yarda ya gani ba. Sannan ya ce a buɗe jaka. Ya fito da goro, ya fito da sabulu, ya fito da kaya, ya ɗaga jakar da ta kamata a ce ta zama fanko, sai ya ji ta da nauyi. Ya ƙwanƙwasa ƙasanta. Ya bi ɗinkina da yatsa. Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya sa a bakin zaren.

Ban ga tashin Sadisu ba. Ƙarar karan dawa kawai na ji, na waiwaya na ga gona tana rufewa a bayansa.

Kurtu ya yi tsawa zai bi shi, sajan ya ce daga zaune, "Bar shi. Buɗe mu gani." Aka farke ɗinkin da na ɓata dare guda a kansa, lauje suka zubo a kan kwalta ɗaya bayan ɗaya da ƙyallayen shadda a jikinsu. Sajan ya taso a hankali, ya tsaya a kansu ya ƙirga da baki. Ya ce, "Kullum ina jin ana cewa lauje cikin naɗi. Yau Allah ya nuna min da idona, har guda goma."

Ba wanda ya yi dariya sai Ɗanjuma, shi ma ya haɗiye ta da wuri.

Na fara bayani, bakina yana harɗewa: gayya ce, riɗi ne, Malam Lawan na Gafasa, aure ake nema. Sajan ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Yaro, tsaya ka ji yadda abin yake daga inda nake zaune. Mutum uku, lauje goma. An ɗinke su a ƙasan jaka. Ɗaya ya ga za a buɗe ya shiga daji. Kai ne a wannan bencin, me za ka ce?"

Na ce, "Yallaɓai, ni ma abin da zan ce ke nan."

Ya ce to ba zai bi kowa cikin dawa ba, ƙafarsa ta wuce wannan. Za mu zauna. In wanda ya gudu ya dawo da ƙafarsa, a yi magana. In inuwar tsamiyar nan ta bar benci bai dawo ba, mu da kayanmu sai ofis. Na kira wayar Sadisu, sai ga ta tana ruri a kujerar adaidaita. Isyaku ya fara laluben aljihu yana matsawa kusa da sajan, sajan ya yi masa wani kallo, ya mayar da hannunsa ya fito da ƙuli-ƙuli kamar dama shi yake nema.

Muka zauna a kan taya. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba, na kuma ji haushin Sadisu har wuya. Amma abin da ya fi cin raina shi ne lissafin da nake yi masa: in aka kai mu ofis, kafin azahar Malam Lawan zai ji cewa mai neman 'yarsa ya tsere wa 'yan sanda ya bar buhun makamai. Daga nan ba sauran zancen aure, ko limamin Gafasa ne ya sa baki.

Muna zaune sai ga wani dattijo a kan keke, lauje rataye a kafaɗarsa, bakin laujen yana walƙiya. Ya ɗaga hannu, "Sajan, an tashi lafiya?" Sajan ya amsa, ya wuce. Sai ga babur da samari uku, kowanne da laujensa a hannu a sarari, na bayan ma har da adda a ɗaure a kariyar babur ɗin. Kurtu ya janye musu gungume yana tsokanar ɗaya a kan ƙwallon jiya. Sai wasu mata da nasu a cikin kwando a ka. Na ƙirga mutum goma sha wani abu da suka wuce da ƙarfe mai kaifi, ba wanda aka ce wa tsaya. Ɗanjuma ya matso ya ce min ƙasa-ƙasa, "Malam tela, a nan kayan aiki a fili ake ɗaukarsa. Da kaka kowa da lauje yake yawo. Wanda ya ɓoye nasa shi ake tambaya. Da kun gaya min tun a Gaya, da na ɗaure su a jikin ƙarfen nan kowa yana gani, da yanzu kuna gona."

Inuwa ta kusa barin ƙafar benci ta ƙarshe sai dawa ta motsa. Sadisu ya fito, hannu biyu a sama, takalmi ƙafa ɗaya, ƙaiƙayi ya cika masa wuya, wandonsa jiƙe da taɓo har gwiwa. Kurtu ya nufe shi zai cafki ƙugunsa, sajan ya ce, "Ƙyale shi, da ƙafarsa ya zo. Sauke hannunka, samari. Me ya kore ka?"

Sadisu ya ce, "Yallaɓai, tsoro."

"Tsoron me, in ba ka yi komai ba?"

"Wancan karon ma ban yi komai ba."

Ya ba da labarin gidan kallo da kwana ukun, a taƙaice, idonsa a ƙasa. Ya ce har aka sake shi ba wanda ya tambaye shi ko sunan babansa. Kurtu ya kawar da kai. Sajan ya ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Na sani. Amma ka sani kai ma, gudun nan da ka yi, a wani shingen da harsashi za a bi ka." Bai ba da haƙuri ba, bai kuma kare kowa ba. Sunkuyawa ya yi ya ɗauki lauje ɗaya, ya goga babban yatsansa a bakinsa, ya girgiza kai. "Wannan ko kabewa ba zai yanka ba. Ba ku ma wasa su ba. Ɗan daba ba ya fita da makami dakusasshe, wannan sai masu neman aure."

Duk da haka ya ce sai ya gani. Ya miƙa mana lauje ɗaya-ɗaya ya nuna ciyawar bakin hanya. Sadisu, da yake yana zuwa hutu ƙauyen Balan wajen kakanninsa yana yaro, ya kama ciyawa da hagu ya ja da dama, ta biyo shi. Isyaku ya sunkuya, wandonsa ya yi ƙara. Ni kuwa na riƙe lauje yadda nake riƙe almakashi, na sari ƙasa sau biyu. Sajan ya karɓe ya nuna min yadda ake kwantar da baki a ja zuwa jiki, ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya yanki shinkafa kafin ya sa kaki. Sannan ya sa Ɗanjuma ya ɗaure laujen goma a jikin adaidaita, a waje, ya kwatanta mana rumfar maƙeri a bakin kasuwar Gafasa. Kurtu ya mayar min da jakata a farke, ya ce, "Ɗinkin dai ya yi kyau."

Muka tashi lauje suna kaɗawa a gefenmu kamar motar masu talla. Na ce wa Sadisu, "Ka gani? Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba." Ya ce, "Na gani. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Amma gobe ba shi zan tarar ba, Nafi'u, kuma daga nesa kakin iri ɗaya ne." Sai na ba shi aron silifas ɗina na cikin jaka.

Mun isa gona hantsi ya ɗaga sosai, an riga an ci kusan rabin aiki. 'Yan gari suka karɓi laujen bakwai da murna, an wasa su suna ɗaukar ido. Malam Lawan, dogo siriri mai ƙaramin gemu, ya amsa gaisuwarmu a taƙaice ya nuna mana kunya uku. Ba zan yi muku ƙarya a kan aikina ba: kafin azahar an mayar da ni ɗaurin dami, daga baya aka mayar da ni jingina damin a jikin itace, daga ƙarshe wata tsohuwa ta ce in zauna in tsare ruwan sha. Isyaku ya ba kowa mamaki, ya yi aiki kamar ingarma da ya ji ƙamshin akuyar nan daga cikin gari. Sadisu kuwa bai ɗaga kai ba. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, ya naɗe da ƙyallen shaddata ya ci gaba.

Aka kawo dambu da naman akuya da fura a ƙwarya. Duk wanda ya miƙo mana abinci sai ya yi murmushi ya ce, "Sannunku da hanya," da wata irin murya. Ashe 'yan acaɓa sun riga mu isowa da labari tun muna kan taya. Binta ta aiko ƙanwarta da ruwan wanke hannu, ba ta aiko da ko kalma ɗaya ba, na ga Sadisu ya ture abincinsa gefe.

Bayan la'asar Malam Lawan ya aiko a kira shi gindin wata ɗorawa a gefen gona. Na bi shi, don ba a barin mai neman aure ya je gaban suruki shi kaɗai. Muka durƙusa. Tsoho yana murza kan riɗi a tafin hannunsa, bai dube mu ba.

Ya ce, "An ce min ka gudu."

Sadisu ya ce, "Na gudu, Baba."

Ina ta addu'a ya tsaya a nan, amma bai tsaya ba. Ya faɗi jakar, ya faɗi gidan kallo, ya faɗi kwana ukun da askin, abin da ya ɓoye shekara biyu. Na ce a raina shi ke nan, mun yi wa mutane yankan riɗi kyauta.

Malam Lawan ya hure ƙaiƙayin da ke hannunsa. Ya ce, "Har ina ka kai?"

"Har wani rafi, Baba, mai gadar itace."

"Daga rafin nan, in ka bi turbar shanu, ai gonar nan za ka faɗo. Da ka riga kowa zuwa. Ka san haka?"

"Wani mai kiwo ya nuna min."

"To me ya mayar da kai wajen masu bindiga, kai da kake tsoronsu haka?"

Sadisu ya ce, "Ni na ɗauko abokaina daga gida, Baba. Ba zan iya barinsu a hannu ba."

Sai a lokacin tsohon ya ɗago ya dube shi, ya dubi hannun da ke naɗe da ƙyalle. Ya ce, "To. Ita ma daga gida za ka ɗauke ta." Ya zuba riɗin da ya murza a aljihun rigarsa, ya dafa ƙasa ya miƙe. "Ka gaya wa magabatanka su zo bayan an kaɗe riɗi."

Sadisu ya sunkuyar da kai har ƙasa. Ni na yi godiyar a madadinsa.